Darasi na 9: Idan Karatu Ya Cije wa Yaro

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare da hantsi ya san wannan sautin. Malam ya ɗora sanda a kan allo ya ce "ba", yara su ɗauka gaba ɗaya, "baa!" Ya ce "bi", su amsa "bii!" har ginin ya ɗauka. Wanda ke waje sai ya rantse kowa ya iya. To amma amshi daban, karatu daban. A cikin taron muryoyin nan akwai 'yan kaɗan da idonsu ke kan allo suna karantawa da gaske, akwai masu jiran na gaba ya buɗe baki su bi shi, akwai kuma wanda leɓensa kawai ke motsi. A haka za a gama aji ɗaya, a shiga aji biyu, a yi ta turawa gaba. Sai ranar da uba ya miƙa wa ɗansa ɗan aji biyar takardar asibiti, ko saƙon da ya shigo waya, ya ce "karanta mini", yaro ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Daga ranar ake fara cewa daƙiƙi ne, ba shi da rabo a boko, gara ya koma gona.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake gano irin wannan yaro tun ba a kai nan ba, da yadda ake sanin takamaiman inda karatun ya tsaya masa, da abin da uwa ko uba ko yaya za su iya yi a gida. Kada wani ya ce ni da bara na fara riƙe fensir, ina ni ina gwada ɗan makaranta. Ku da kuka koyi baƙaƙe da wasula da girmanku kun fi kowa tuna inda wuyar take, domin ba ku daɗe da wucewa ta wurin ba. Malamin da ya iya karatu tun yana ɗan shekara 6 ya manta cewa b da d sun taɓa rikita shi.

Yawancinsu ba a koya musu ba ne

A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi sun fitar da ƙiyasi cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da yake nufi. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai 89 cikin 100. Babu mai hankalin da zai ce yara tara cikin goma da toshewar kai aka haife su. Idan yaro ɗaya ne ya kasa a aji, a duba yaron. Idan rabin aji ne, sai a duba ajin, a duba malamin, a ƙirga kwanakin da makarantar ta yi a buɗe.

A nan Kirikasamma ba sai an yi dogon bincike ba. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, daidai lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya batse. A shekaru irin 2020 da 2022, da ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a masarautar nan, hanyoyi sun yanke, wasu makarantun ruwa ya shige su, wasu kuma suka zama masaukin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Ko a shekarar da ruwa bai yi ɓarna ba, yaron da gidansu ke tsallaken ruwa a wajajen Baturiya ko Marma ba kullum zai samu fito ba. Ruwa na ja baya kuma shinkafa ta fara nuna, jan-baki ya sauko, a tura yara gona korar tsuntsu tun duku-duku. Daga nan sai girbi, sai su, sai lambu. Yaran makiyayan da ke shigowa fadama bayan kaka su kuma sai zango ya yi nisa suke isowa.

Ku lura da darasin da ake yi a waɗannan makonni. Su ne makonnin da ɗan aji ɗaya ke koyon wasula biyar, a, e, i, o, u, da baƙaƙen farko. Wanda ya rasa su ya dawo a Nuwamba zai tarar an wuce zuwa haɗa gaɓoɓi, kuma babu mai komawa baya dominsa. Malam ga manhaja a gabansa, ga mai duba makarantu a bayansa, ga yara fal aji. Sai yaron ya kama dabarar da ta rage masa: ya bi amshi, ya kwafi abin da ke allo kamar mai zane. Akwai yara masu kyan hannu, littafinsu tsaf-tsaf, waɗanda ba za su iya karanta layi ɗaya daga abin da suka rubuta da hannunsu ba. Kada kyan littafi ya ruɗe ku.

Sai batun harshe. Ƙasar Haɗeja ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Mangawa, akwai Badawa, akwai Fulani, kuma a wasu gidajen yaro yakan kai shekarun shiga makaranta Hausarsa ba ta wuce ta wasa da sayen ƙosai ba. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko da harshen da ake yi a yankinsu, wanda a nan Hausa ce. Yaron da aka rena da Fulatanci ko Manganci aiki biyu yake yi lokaci guda, yana koyon haruffa, yana koyon ma'anar kalmomin. Idan kuma aka tsallake Hausa aka fara masa da rera haruffan Turanci, aikin ya zama uku. Ni dai a ganina asara ce babba a fara wa yaro karatu da Turancin da shi kansa malamin bai sake da shi ba, alhali rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙi. Kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, abin da ka gani shi za ka faɗa. Turanci ba haka yake ba. Binciken da aka yi a Turai ya nuna yaran da Turanci ne harshen uwarsu sun fi yaran Italiya da na Finlan daɗewa kafin su iya karanta kalmomi, saboda rikicin rubutun.

A fara da ido da kunne

Kafin a yanke hukunci a kan basirar yaro, a duba idonsa. Yana ƙanƙance ido in zai dubi allo? Yana kai littafi dab da hanci? Yana yawan kukan ciwon kai bayan an taso? Gwajin gida ba shi da wuya. Ku zana kifi, da kaza, da ƙwarya a kwali, kowane kamar tsawon ɗan yatsa, ku ja baya taku shida ko bakwai, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya faɗi abin da ya gani, sannan ya sauya ido. Ku gwada wani sa'ansa a wuri ɗaya don ku kwatanta. Yaro bai san ba ya gani sosai ba, yana zaton kowa haka yake ganin allo dishi-dishi. Sau da yawa tabarau kaɗai ne maganin. Idon da ke yawan ƙaiƙayi da kwantsa kuma kada a zauna da shi, domin amosanin ido ciwo ne da Jigawa ta daɗe tana fama da shi.

Kunne ya fi ido ɓuya. Yaran da ke wuni cikin ruwa sun saba da ciwon kunne mai zubar da ruwa ko mugunya, har iyaye sun daina ɗaukarsa ciwo. Wanda ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ma jinsa na iya raguwa ba a farga ba. Ku tsaya a bayansa, ku faɗi kalmomi ƙasa-ƙasa ya maimaita: kara, ƙara, dawa, ɗaya, sawo, tsawo. Wanda kunnensa bai raba k da ƙ ba, ko s da ts, ta yaya zai raba su a takarda? Irin wannan yaro ne ake zargi da taurin kai, wai ana kira yana ji ya yi banza da mutane.

Sauran jiki ma da nasa. Yaron da ya fito gida bai karya ba, da ƙarfe goma hankalinsa ya bar aji. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye makonni. Tsargiya, wato fitsarin jini, ta zama ruwan dare ga masu wanka a kududdufi da magudanan ruwa, har wasu na ɗaukarta alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Ciwo ne mai rage jini ya bar yaro a gajiye, maganinsa kuma 'yan ƙwayoyi ne da ake samu a asibiti. Duk abin da kuka gani cikin waɗannan, ku fara da asibitin garinku. Idan ya fi ƙarfinsu za su tura ku Babban Asibitin Haɗeja ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, na ido kuma akwai asibitin ECWA a Kano. Yaron da aka tabbatar ba ya ji, akwai makarantar kurame a cikin garin Haɗeja.

Wanda lafiyarsa ƙalau amma abin ya ƙi

Bayan an tsame duk waɗannan, akwai 'yan kaɗan da za su rage. Yaro ne da ba ya fashi, Hausa ce harshen gidansu, ido garau, kunne garau, ga wayo. Aike shi kasuwa, canjinka zai dawo daidai. Ba shi labari yau, gobe zai mayar maka har da abin da ka manta. Amma ajiye masa kalmar "tabarma" a gabansa, sai gumi. Likitoci da malamai suna kiran wannan matsala disleksiya.

Ba yau aka fara ganinta ba. A 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin wasa, lissafi bai dame shi ba, wanda aka shafe shekaru ana koya masa karatu amma ko sunansa ya tashi rubutawa sai ya sauya wa haruffan wuri. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu mai wuce shi a makarantar. A zamanin an ɗauka a wajen gani matsalar take. Binciken da ya biyo baya ya nuna galibi a wajen sauti take: ƙwaƙwalwar yaron tana shan wuya wajen tsinka kalma zuwa ƙananan sautukanta, da ɗaure kowane sauti da harafinsa. Yana jin "kifi" sarai, ya san kifi, ya iya kama shi ma, amma ba ya jin cewa k ce a gaba, i na biye da ita. Masana da yawa suna ƙiyasta yara 5 zuwa 10 cikin 100 ke da ita, wato a aji mai yara 60 ana iya samun 3 zuwa 6. Tana bin dangi. Idan aka bincika sau da yawa za a tarar uba ko kawu ko gwaggo sun sha irin wannan fama. Ba ƙarancin hankali ba ce, ba lalaci ba ce, ba a sha mata ƙwaya, kuma ba sammu ko shafar aljanu ba ce. Wanda ya ga zai yi wa ɗansa addu'a ko ya karɓo masa rubutu, wannan tsakaninsa da malaminsa. Abin da muke cewa kada a tsaya nan.

Alamunta sukan fara tun kafin makaranta. Yaro ya yi jinkirin magana, ko ya daɗe yana birkita gaɓoɓin kalmomi bayan sa'o'insa sun daina. Kwanakin mako ba sa jeruwa a bakinsa. Abokansa na zaurance suna dariya, shi an bar shi a baya, domin zaurance wasa ne na tsinka kalma a cusa mata gaɓa, kuma nan ne daidai inda ya gaza. A aji kuma, harafin da ya iya yau gobe ya gudu, jibi a sake, gata ya sake gudu. Ya ga harafin farko sai ya yi caca da sauran, a rubuta "gona" ya ce "gida". Doguwar kalma ya haɗiye mata tsakiya, "makaranta" ta koma "makata". Tunda rubutun Hausa bai da rikici, wasunsu sukan kai ga karanta kalma daidai, sai dai da nawa, harafi bayan harafi, kafin su kai ƙarshen jimla farkonta ya tsere. A Hausa wannan nawar ta fi kuskure zama alama.

Akwai kuma alamun da ba a takarda suke ba. Layin karatu na matsowa kusa da shi sai fitsari ya kama shi. Da safe ciwon ciki, ranar Asabar lafiya lau. Wani ya zama sarkin ban dariya a aji, wani ya zama mafaɗaci, domin gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. 'Yan mata sun fi ɓacewa: ta ja hijabi ta lafe a layin baya, ba ta damun kowa, har ta gama aji shida babu wanda ya taɓa jin muryarta ita kaɗai.

Wasu abubuwa kuma kada su tayar muku da hankali. Ɗan shekara 6 ko 7 da ke juya b ta koma d abu ne da aka saba gani ko'ina a duniya, balle mu da muke da huɗu masu kama da juna, b, ɓ, d, ɗ. Yaron da ya fara da makarantar allo yana iya soma rubutun boko daga dama, sabo ne, zai bari. Musanya f da p a Turanci kuma kusan kowane Bahaushe ya yi shi. Abin dubawa shi ne wanda ya ƙi wucewa bayan an koyar, an sake koyarwa.

Zaman minti goma

Idan ruwa ya daina isa gona, manomin fadama ba ya tsayawa zagin kogi. Yakan bi magudanar da ƙafa har ya kai inda kacala ta toshe ta, nan zai sa lauje. Haka za mu bi karatun yaro.

Ku nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba a gaban ƙannensa ko abokansa ba. Kada ku ce jarrabawa ce. Ku ce, "Zo ka taya ni aikin da malaminmu ya ba mu." Ku rubuta komai da hannunku, manya-manya, kada ku ɗauko daga littafinsu, domin mai yiwuwa ya haddace shafin da hotonsa.

A fara da haruffa goma a hargitse, kamar m, k, a, s, ɗ, u, r, ƙ, t, o. Ku nuna da yatsa ya faɗi sautin kowane. Idan ya iya yawancinsu, sai gaɓoɓi da kalmomi: ka, mu, ri, so, sannan ruwa, kifi, gona, rake, tabarma. A nan ku sa masa tarko mai amfani, wato kalmomin da babu su a Hausa, irin su rilo, nuse, mabu. Wanda ya iya haɗa haruffa zai karanta su, ya ɗago ya ce "mene ne kuma rilo?" Wanda yake gane kalmomi da kamanninsu kawai zai tsaya cak. Idan ya haye nan, ku ba shi ɗan labari:

Baba ya tafi su da safe. Ya kama kifi babba. Inna ta yi miya da shi. Mun ci da tuwon shinkafa.

In ya gama ku tambaye shi: ina Baba ya tafi? Wa ya yi miya? Da me aka ci? Akwai masu karantawa tiryan-tiryan amma ba su riƙe komai ba. Su ma suna da bukata, sai dai tasu daban ce.

Duk inda ya cije, ku ƙirga biyar a zuci, ku ce "mu je gaba". Kada ku gyara masa, kada ku yi tsaki, kada fuskarku ta sauya, domin yaro fuskarku yake karantawa fiye da takardar. Ya kasa huɗu ko biyar a jere, a tsaya, an gano wurin. Sauran abu biyu da baki za a yi su. Na farko, ku karanta masa labarin da kanku ku yi masa tambayoyin. Idan ya amsa da ya ji, alhali ya kasa da ya duba, to fahimtarsa lafiya lau, a wajen haruffa matsalar take. Idan ko da ya ji bai amsa ba, a koma batun harshe ko kunne. Na biyu, wasan sauti: "Tafa mini ta-bar-ma, tafi nawa?" "Rana da rake, da wane sauti suka fara?" "Ce kaza. To cire ka, me ya rage?" Ɗan aji biyu ko uku da wannan wasa ya gagare shi ƙwarai, a sa masa ido.

Kowa da allonsa

Ƙasar Haɗeja ta yi suna da alarammomi da gwanaye, kuma makarantar allo ta daɗe da sanin abin da boko ke ta laluba. A tsangaya ba a jan almajiri gaba don sa'o'insa sun wuce. Mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da tsari mai kama da wannan a makarantun boko. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su rukuni-rukuni ba bisa aji ko shekaru ba sai bisa inda karatunsu ya tsaya, masu haruffa gefe, masu kalmomi gefe, masu labari gefe, a ware musu lokaci kullum, wanda ya haye a matsar da shi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin masanan da suka gwada tsarin suka ga yana aiki. An kawo shi Nijeriya, aka fara a Borno a 2018, daga baya aka yi shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano, da Hausa.

A gida ma haka za ku yi. Yaron da ya tsaya a haruffa, ko da ɗan aji biyar ne, haruffa za a koma. Biyu ko uku a mako sun isa. Ku share ƙasa a tsakar gida, ya rubuta harafin da yatsa yana faɗin sautinsa da ƙarfi, ya shafe ya sake. Ya murɗa shi da laka ya shanya. Ido na gani, kunne na ji, hannu na yi, baki na faɗa, kuma mai disleksiya ya fi kowa bukatar a haɗa masa huɗun nan. Kada ku bi jerin a, b, c. Ku fara da a, i, u, m, n, k, r, s, domin da su kaɗai zai rubuta mama, kaka, rana, nama, suna, kuma ranar da yaro ya karanta kalma ta gaske da kansa ba ya manta ta. Su b da d kada su haɗu a mako ɗaya. Sai ɗaya ta zauna daram a kawo ɗayar, masu lanƙwasa kuma su biyo baya.

Wanda ya san haruffa amma haɗawa ta gagara, ku yanka kwalin shayi ko na sabulu ku rubuta gaɓa ɗaya a kowane: ka, ki, ku, ra, na, ma. Ya tura ka kusa da ra, ya ce kara. Ya cire ka ya sa ku, kura ta fito. Ra da na, rana. Yara suna son wannan kamar wasan dara. Daga nan a shiga gaɓoɓi masu rufin baƙi, irin su kan, bar, tak, sannan sh, ts, kw, gy.

Mai nawa kuma maimaici ne maganinsa. Ɗan labari ɗaya, ku karanta yana bin layi da yatsa, ku karanta tare, ya karanta shi kaɗai, gobe ya sake. Idan babu littafi, ya ba ku labarin yadda aka kama kifi jiya ko yadda akuya ta shiga lambu, ku rubuta da kalmominsa, ya karanta abinsa. Buhun taki, kwalin magani, allon shago, rubutun bayan mota, duk littafi ne. Tatsuniyar dare ma kada a raina ta, ita ke cika wa yaro kai da kalmomin da zai tarar a takarda.

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a. Ku tsaya yana kan nasara, kada ku jira sai ya gaji ya fara kuskure. Yaron da rashin koyarwa ne kawai ya tsayar da shi, cikin 'yan makonni za ku ga ya zabura. Wanda aka yi zango guda cur ana yi da shi kullum amma tafiyar kaɗan-kaɗan ce, mai yiwuwa disleksiya ce. Hanyar dai ita ce wannan, sai dai da ƙarin maimaici da ƙarin haƙuri. Zai iya karatu, ko da zai rayu yana yin sa a hankali. Ku faɗa masa gaskiya cewa kansa lafiya lau, haruffa ne ke ba shi wuya fiye da wasu. Masu gwada wannan matsala a ƙa'ide ba su da yawa a ƙasar nan, amma Jami'ar Bayero ta Kano tana da Sashen Ilimi na Musamman, ana iya neman shawara ta hannun hedimasta.

Zuwa wurin malam

Uwar da ta je ta ce "Malam, yarinyar nan ba ta gane komai" ba ta ba malam abin kamawa ba. Ga yadda wata za ta yi bayan an gaisa, an tambayi aiki da iyali:

"Malam, a kan 'yar wajena na zo, ta aji uku. Na zaunar da ita. Haruffa ta san su, ban da ɗ da ƙ da ts. Haɗa su ne ya gagara. In na karanta mata labari kuwa, duk abin da na tambaya sai ta amsa."

"Ikon Allah. Hajiya, ke kika gwada ta da kanki?"

"Ni ce, Malam. A ajinmu na yamma aka koya mana."

Malamin da aka zo masa da irin wannan bayani ya san daga inda zai kama. Abin da za ku roƙa ba mai tsada ba ne: a dawo da ita layin gaba, kada a tashe ta karatu a gaban aji ba shiri, a riƙa tambayarta da baki don a ga abin da ta sani, a rage mata kwafe-kwafe, a ƙara mata lokaci a jarrabawa, a zaunar da ita kusa da ƙawar da za ta taimaka ba mai dariya ba. Sannan a ajiye bulala. Bulala ba ta taɓa koya wa kowa bambancin b da d ba. Abin da take koyarwa shi ne tsoron takarda, kuma a cikinku akwai waɗanda ita ce ta kore su daga makaranta shekaru talatin da suka wuce. Wanda a cikinku ya ji alamun da muka lissafa sun yi kama da nasa, ya sami malamin aji a keɓe, hanyar da ke yi wa yaro aiki tana yi wa babba.

Abin da ya fi ƙarfin malami ɗaya, na kwamitin makaranta ne, wanda ake kira SBMC, da aka ƙarfafa a Jigawa zamanin shirin ESSPIN tsakanin 2008 da 2017. Akwai kujerun iyaye a ciki, har da mata. Kwamiti na iya neman cewa duk shekarar da ruwa ya hana zuwa makaranta, makonnin farko bayan dawowa a yi su wajen gwada yara ɗaya-ɗaya da cike musu giɓi kafin a ci gaba da manhaja. Yana iya nemo samari da 'yan matan gari da suka gama sakandare, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, suna zaune ba aiki, su riƙa zama da rukuni ɗaya bayan la'asar. Idan littattafan Hausa ne babu, ko malamin aji ɗaya, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ya kai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya a Dutse. Dokar 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara 9 kyauta, saboda haka ba alfarma kuke nema ba.

Aikin mako

1. A nan cikin aji, kowa ya rubuta takardun gwajinsa: haruffa goma, kalmomi biyar, kalmomin da babu su guda uku, da labari mai jimla huɗu a kan wani abu na garinku. Ku yi musaya da na kusa da ku ya duba kuskure, ku gwada juna.

2. A gida, ku yi zaman minti goma da yaro ɗaya ɗan aji biyu zuwa shida, naku ko na maƙwabta da izinin iyayensa. Ku rubuta ajinsa, harshen gidansu, makonnin da ya rasa a zangon farko, da inda ya tsaya. Kada ku rubuta sunansa.

3. Ku zo da takardar mako mai zuwa, tare da kwali ko murafun kwalba guda ashirin, za mu yanka katunan gaɓoɓi.